Jar Zuciya a Ƙarƙashin Hoton 'Yarki

Nakkasa, Makka
Rajab, 1437

Zuwa ga Yayata Yalwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Malam da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taki? Kin ce sanyi ya tafi amma ciwon bai bi shi ba, Allah ya sawwaƙe. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara shigowa da ƙarfinsa. Maigidana Wada yana gaishe ki, yana nan yana fama da motarsa tsakanin Hindawiyya da Harami.

Kin san halina, in na kira ki a waya gaisuwa ce ke cinye lokacin, abin da ke raina ya zauna inda yake. Shi ya sa na koma takarda. Zan ɗauki hotonta in tura wayar Malam, ki karanta ke kaɗai.

Wani ɗan abu ne ya tsaya mini a rai, har ina jin nauyin faɗarsa don ƙanƙantarsa. Bara na gaya miki maƙwabciyata Baraka ta buɗe mini Fesbuk. Ita haifaffiyar nan ce, kakanninta ne suka zo daga Katsina a ƙafa, Hausarta rabi Larabci ce. Ban yarda ba sai don in riƙa ganin 'yarki, wadda na haifa kika raina. Na baro Ringim tana firamare, yau ga shi har an sa mata rana bayan ƙaramar salla. A hotunan nan na gano tana da wushiryar Inna, kuma in za a ɗauke ta sai ta karkatar da kai hagu, kamar marigayi babanta. Kullum da hantsi, in na gama ɗinke gefen abayar farko na sauke ƙafa daga kan keke, sai in buɗe in duba ko ta sa sabo. Ita ce tagata, ba ni da wata.

To a ƙarƙashin hotuna akwai wata 'yar alama ja da mutane ke sawa, wai zuciya. Na daɗe ina kallonta. Shekara da shekaru ina aikin girki a Mina lokacin hajji, ba irin zuciyar ragon da ban yanka ba, kuma ba ta da wannan siffar ko kaɗan. Wannan ta fi kama da ganyen kalgo. Na tambayi Wada wa ya fara zana ta haka, ya ce shi direba ne ba mahauci ba, in bar shi ya ci abinci.

Hanya biyu ake sa ta, na gwada duka. Ko ki danne ɗan babban yatsan nan ki riƙe, sai wasu fuskoki su fito a jere, ita ce ta biyu. Ko ki shiga wurin rubutu ki zaɓo ta cikin zane-zanen da ke tare da haruffa. A can ma ba iri ɗaya ba ce. Akwai ja, akwai kore, rawaya, shuɗiya, da wata da ta tsage biyu, da wata da kibiya ta soke. Na zana su a littafina, na bar fili gaban kowace don in rubuta ma'anarta. Da na tambayi Baraka sai ta ce, “Kullu wahid, ya Sa'adiya, galb galb ne.” Wai duk ɗaya ne, zuciya zuciya ce. Ban gamsu ba. Mutum ba ya rina abu kala-kala a banza.

Da farko kallo kawai nake yi, ba na taɓa komai. Ranar da Shifa 'yar Baraka ta kammala hadda aka sa hoton walima, sai ga Baraka a ƙofata ko sallama ba ta gama ba. “Aib alaiki, abin kunya! Duk unguwa sun sa mata galb, ke kin tsaya kina leƙe kamar 'yar sandan ciki. Wannan ai zuwa barka ne, in ba ki je na mutane ba wa zai zo naki?” Da ta faɗa haka sai na gane. Na sa wa Shifa guda uku. Tun daga ranar nake zagayawa kowace safiya kamar mai bin gidajen suna: wanda ya haihu, wadda ta yi sauka, wanda ya sayi mota, kowa in ajiye masa tasa.

Sai in na iso kan 'yarki, hannun ya tsaya. Kin san dalili. Ita ce ta fari. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba. Ranar yaye da kika goya ta kika fita da ita, ina ɗaki ina tsintar shinkafa kamar ba abin da ya faru. Haka aka koya mana, kuma ban taɓa ganin laifin hakan ba. Amma Inna ba ta bar mana hukuncin wannan ba. Shin alamar nan magana ce, ko kuwa kamar ɗaga hannu ce daga nesa? In magana ce, ba zan iya ba. In ɗaga hannu ce, wataƙila. Ki yi tunani ki gaya mini, ke ce babba.

Ki gaida Malam. 'Yarki kuwa kada ki ce mata komai, ki dai duba mini ko tana cin abinci, na ga kamar ta faɗa a hoton ranar Juma'a.

Ƙanwarki,
Sa'adiya

Nakkasa, Makka
Sha'aban, 1437

Yaya Yalwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Malam, da fatan man zafin da na aiko ta hannun masu umara ya iso kuma ƙafar ta yi sauƙi. Mu lafiya, alhamdu lillahi.

Saƙon muryarki ya iso, na saurare shi har wayar ta yi zafi. Ashe tana gani. Wallahi Yaya ban sani ba. Na ɗauka abin da na sa wa Shifa tsakanina da gidan Baraka ne, kamar in shiga gidansu in fito. Ashe abin nan ɗan rahoto ne, yana kai mata labarin duk inda na taka. Kin ce ta ce, “Antin Makka tana da zuciya, gida-gida take rabawa, namu ne dai rabon bai kai ba.” Kuma ta ce in ta tare a Fatakwal za ta tsince mutanen shafinta, wanda bai damu da ita ba ta cire shi.

Na so in san me cirewar take nufi, don haka na roƙi Baraka ta cire ni daga nata mu gani. Ta yi ta dariya, amma ta yi. Yaya, sai shafin ya zama kamar gidan da aka tashi. Suna yana nan da hoto ɗaya ɗan ƙarami, sauran duk babu. Na ce ta yi maza ta mayar da ni. Ranar ban iya gama abayar da ke kan keke ba.

Kin san ba zan zo bikin ba. Wanda ba shi da igama, takardar izinin zama, fita ɗaya yake yi, a ɗauki yatsunsa a rufe ƙofa, ga Wada da hawan jini ba mai yi masa miya marar gishiri. Na riga na haƙura da wannan tuntuni. Abin da na dogara da shi shi ne zan ga lallen, in ga ɗakinta, wata rana in ga abin da ta haifa, ko da a tafin hannuna ne. In ta cire ni, shi ke nan.

Na kai maganar gaban Wada, Baraka tana zaune ta kawo mana sambusa. Ita dai mamaki ya hana ta rufe baki. “Ya Allah! 'Yarki ce ko 'yar gwamnati? Ni Shifa in ban ce mata habibti, masoyiyata, sau goma a yini ba sai ta zaci zazzaɓi nake yi.” Na ce mata ita a Makka ta buɗe ido, ba a ɗakin Inna ba. Shi kuma Wada ya gyara zama kamar alƙali ya ce, tun da Allah bai ƙara ba ni haihuwa ba, yarinyar ita ce ta fari kuma ita ce auta, don haka in yi kunyar ta fari da safe, in shagwaɓa auta da yamma. Suka yi ta ƙyaƙyatawa. Ni ban yi ba, don har na fara auna maganar da gaske kafin na gane zolaya ce.

Sai na ce bari in bi tsakiya. Addu'a ba wanda ya hana. Da ta sa hoton akwatunan lefe, na rubuta a ƙasa, “Allah ya sa albarka, ya ba da zaman lafiya.” Na karanta shi ya fi a ƙirga kafin in tura. Da la'asar ta amsa: “Amin Hajiya, mun gode.” Na duba sama, na duba ƙasa. Haka ta amsa wa malamarsu ta kwaleji, haka ta amsa wa wata mai sayar da atamfa. Kalma ɗaya ba ta bambanta ba.

Daga nan na daina sa wa kowa zuciya, na ce in ba ta samu ba kada kowa ya samu. Wannan ma bai yi ba. Baraka ta ji haushi, jiya ta dawo mini da kwanona wayam, ko dabino ɗaya babu a ciki. Na rasa ta gida, ina neman rasa ta maƙwabta.

Akwai tambayar da ban taɓa yi miki ba, ki yafe mini in ta yi nauyi. Ke ce ta farin Inna. Har ta koma ga Allah ban ji sunanki a bakinta ba. Yaya aka yi kika san tana son ki? Ko ba ki sani ba, haƙuri kawai kika yi? Ina so in ji gaskiya, don ina ganin amsata tana nan.

Allah ya kai mu azumi lafiya.

Taki,
Sa'adiya

Nakkasa, Makka
Ramadan, 1437

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum, barkanmu da shan ruwa. Yaya ibada, yaya ƙishirwa? Ina fata kuna lafiya ke da Malam. Nan garin ya cika maƙil, Wada sai ya yi tafiyar da ba ta kai ta zuwa kasuwar Ringim ba a rabin yini. Na sa ku a addu'a a Harami ranar Litinin, kowa da sunansa, ban da wadda kin sani, ita Allah ya san wa nake nufi.

Amsarki ta sa ni kuka, sannan ta sa ni dariya. Ban taɓa sanin cewa duk ranar da kike zazzaɓi Inna takan ɗauko audugarta ta zauna kaɗi a ƙofar ɗakin da kike kwance, tana cewa nan haske ya fi ba. Ban san daddawar da Goggo Ɗaso take kai miki bayan aurenki, tana cewa ragowa ce, Inna ce ke zaɓo mafi kyau ta ƙulla da hannunta ba. Ni ina kan cinya ina shan gata, na zaci ni kaɗai ake so a gidan.

Na kwana biyu ina juya wannan. Abin da na fahimta shi ne, Inna ba ta hana ki komai ba, hujja kawai take nema ta rataya abin a kai. Tana da haske, tana da Goggo Ɗaso. Ni na riƙe kunyar na zo da ita har Makka, amma na baro hujjojin a gida. Fesbuk kuwa ba labule, ba lungu, duk abin da ka yi da sunanka a goshi kake yin sa. Baraka ta ce in tura mata zuciyar a ɓoye ta saƙo. Wannan ai ya fi wuya, ni da ita ido da ido ba kowa a tsakani. Kuma a fili na raba wa 'ya'yan mutane, a fili take jiran nata.

To ga abin da na tsara, ki taimake ni. Ba wanda ya taɓa cewa ƙanwa ta ji kunyar yayarta. Ranar salla ki sa a ɗauke ku hoto ke da ita, ku biyu kawai. Ku tsaya a tsakar gida inda rana take, kada fuskarki ta yi duhu, dole ne kowa ya gane ke ce. Ki bari ita ta sa shi a shafinta da kanta. Na san ba kya son hoto, kina cewa yana ƙara miki shekaru, ki daure. In ya fito zan sa jar zuciya a ƙasa. Duk wanda ya yi magana, ta Yayata ce. Ita kuma, in tana da wayon babanta, za ta ɗauki rabonta.

Ban sani ba ko wannan dabara ce ko tsoro ne na yi wa kwalliya. Na tambayi kaina ban samu amsa ba. Kada dai ki gaya mata dalili.

A sha ruwa lafiya.

Ƙanwarki,
Sa'adiya

Nakkasa, Makka
Shawwal, 1437

Yaya,

Assalamu alaikum, barka da salla, Allah ya maimaita mana. Ina fata an yi lafiya.

Na gani! Kun yi kyau ƙwarai, atamfar ta karɓe ku, kuma shekarunki ba su ƙaru ba ko ɗaya. Ban ce ki dafa kafaɗarta ba, amma gara da kika yi. Na yi alwala, ban san dalili ba, na zauna bakin gado na danne yatsan na riƙe, fuskokin suka fito. Saura kaɗan in taɓa mai dariya, Allah ya kiyaye. Jar zuciyar ta zauna daram a ƙasan hoton da sunana a gefe.

Har yanzu 'yarki ba ta ce komai ba. Na leƙa gidan Baraka na sa wa Shifa tata ita ma, an shirya.

Ki gaida Malam da yawan salla.

Sa'adiya

Nakkasa, Makka
Shawwal, 1437

Zuwa ga Yayata Yalwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, yaya gajiyar salla, yaya hidimar biki da ta taso ku gaba? Allah ya ba da iko, ya saka miki da alheri. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Shekaranjiya da hantsi ina kan keke sai ga Baraka ta faɗo ɗaki da waya a hannu, gyalenta a kafaɗa. “Shufi, shufi, duba ki gani! Wallahi 'yar nan taki ce, kanku ɗaya. Ta gano ki!” Na karɓa na duba. Yaya, hoton sallar nan ne ta sake sawa, amma ta yanke ki. Ita kaɗai ce tsaye a tsakar gida, kai a karkace, tana kallona. Ba ta rubuta komai a sama ba, ko harafi ɗaya.

Ƙawayenta suka yi ta zuba zukata kamar ana watsa wa kaji tsaba. Baraka ta tsaya a kaina tana cewa yalla, yalla, wai in yi sauri. Na ce ta je ta duba tukunyarta. Da ta fita na rufe ƙofa na zauna da hoton. Raina ya ɓaci da farko, na ce yarinyar nan ta ƙure ni a gaban jama'a. Can kuma na ji wani abu kamar alfahari, don ni na yi wata guda ina ƙulla dabarar, ita ta kwance ta kafin miyar salla ta ƙare.

Na sa yatsu biyu na buɗa hoton yadda Baraka ta koya mini, ina bin sa gefe-gefe, ban san me nake nema ba. Sai a kan kafaɗarta ta dama, can bakin inda ta yanke, na ga yatsu huɗu. Jan lalle a farce, da zoben azurfa a na tsakiya. Hannunki ne, Yaya. Duk jikinki ya tafi, hannun ya rage.

Kin san ba na barin abu a zato. Na ɗauko hoton farko a wayata na gwada yankewa da kaina. Ana iya cire hannun tas, ba tare da an taɓa fuskarta ko ɗaurin ɗankwalinta ba, ɗan matsawa kaɗan ne kawai. Na gwada na sake gwadawa, haka yake fitowa.

Na sa mata. Ja, ba kore ba, ba rawaya ba. Na ce a raina in wani ya tambaya zan ce ta hannun Yayata ce. Ba wanda ya tambaya, kuma ke kin san ta wace ce.

Kafin magariba wayar ta yi ƙara. Saƙo ne daga ita, a ɓoye, irin wanda na ce ba zan iya ba. Ba sallama, ba Hajiya, ba Anti. Hoton leshi biyu ne shimfiɗe a kan gadonki, na gane zanen gadon, ɗaya kore ɗaya ruwan hoda. A ƙasa ta rubuta, “Wanne zan sa ranar kamu?” Na tashi na zagaya ɗakin, na dawo na zauna. Na buɗa kowanne na duba aikinsa da yadda zai zauna da hasken fatarta, sannan na rubuta, “Koren.” Nan take ta amso, “Ni ma shi nake so, Umma ce ta nace sai ruwan hoda.” Jiya kuma ta turo takalma, yau da safe sarƙa. Abayoyin mutane suna nan jibge ban taɓa su ba.

Abu ɗaya ne ban gano ba, kuma yana cina. Da gangan ta bar mini hannun, ko ba ta lura da shi ba ne? Don Allah kada ki tambaye ta. In ta ce ba ta lura ba, ban san inda zan sa kaina ba. In ta ce da gangan ne, to ta san ni fiye da yadda na shirya a san ni, kuma kunya za ta kama mu mu duka biyu.

Ki gaida Malam, ki gaida duk masu hidima, Wada yana yi muku fatan alheri. Batun leshi kuwa, Yaya, na san ke kika yi wahalar rainonta, ba ni da bakin magana a gabanki. Amma ki yi haƙuri, koren za ta sa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Sa'adiya